Kwantiragin Bashiru da Tashin Baba Nomau

Har gobe ba za ni manta da ranar Talatar da na aika da rahoton kwantiragin Bashiru ba. Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina wakiltar gidan rediyonmu, mafi yawansu a yankin Sabon Birni da Isa, kuma rahotannin da na aika ban san iyakarsu ba. Amma duk lokacin da sababbin ma'aikata suka tambaye ni wanne ya fi tsaya mini a rai, wannan nake ba su.

Bari in fara bayyana yadda aikin yake, saboda waɗanda ba 'yan gida ba. Wakili shi ne idon gidan rediyo a karkara. Yakan bi kasuwanni da asibitoci da fadar hakimai, ya ɗauki murya, ya rubuta rahoto, ya aika wa editan labarai a babban ofis kafin ƙarfe biyu na rana. Edita ya duba, ya gyara, ya sa hannu, sannan a karanta a labarun yamma. Ƙa'idar da aka koya mana tun ranar farko ita ce kada ka aika da labari sai ka ji shi daga bakin majiya biyu, kuma duk wanda za ka ambaci sunansa ka neme shi ka ji ta bakinsa. A lokacin ina matakin babban wakili. Editana shi ne Malam Cika, mutum mai tsanani a kan aiki, wanda ya girme ni da shekara goma a gidan.

Shekarar fari ce. Ruwa ya sauka da wuri, mutane suka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Aka yi kwana fiye da talatin ba ɗigo. Waɗanda suka sake shuka suka yi asarar irin. Kafin watan girbi ya kama, ana kai shanun huɗa kasuwa ana sayarwa a kuɗin da bai kai na tunkiya mai kyau ba, magidanta suna fita cin rani tun damina ba ta ƙare ba. Ga kuma mutanen daji, 'yan bindiga, da suka fara aiko wa ƙauyuka saƙo. Mako bakwai a jere babu abin da nake aikawa sai gero ya bushe, rijiya ta ƙafe, an kora garke. Wata rana Malam Cika ya ce mini a waya, cikin raha, "Malam Garba, wai duk faɗin Gobir babu labari mai daɗi ko ɗaya?" Raha ya yi, amma maganar ta zauna mini.

Ran kasuwar Sabon Birni, ina zaune a rumfar wani ɗan kasuwa mai kai kaya Maraɗi, ya miƙo mini wayarsa. Ya ce in karanta masa wannan da kyau, shi Turancinsa na ciniki ne. Labarin wani ɗan wasa ne a Amurka, mai suna Bashiru, wanda ƙungiyarsa ta ƙara masa wa'adin kwantiragi na shekara huɗu. Wasan ba ƙwallon ƙafar da muka sani ba ne. Nasu ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, a hannu ake rungumarta a ruga da ita, ƙarti masu hular kwano suna karo da juna don su tare mai gudu. A jikin labarin akwai adadin kuɗin, miliyoyin daloli. Ba za ni maimaita adadin a nan ba. Na faɗe shi sau ɗaya a duniya, ya isa.

Ɗan kasuwar ya ce, "Ka san ɗan wa ne? Ɗan marigayi Malam Isiya ne, wanda ya tafi karatu Amurka tun muna yara bai dawo ba. Wan ubansa na nan da rai, Baba Nomau, can wani ƙauye a gundumar Tsamaye."

Na ji jikina ya yi sauƙi. Ga labarin da ake nema. Na tsallaka wurin 'yan canji na tambayi farashin dala a ranar, na zauna a kan benci na buga lissafi. Sifilin da ya fito sai da na ƙirga shi sau uku. Na rubuta rahoton nan take. Na ce wani ɗan asalin Gobir ya karɓi kuɗi kaza. Na faɗi adadin da dala, na faɗe shi da naira, na ƙara da cewa kuɗin za su iya sayen geron da zai ciyar da ƙananan hukumomi biyu har wata damina. Na ambaci sunan ƙauyen. Na ambaci sunan Baba Nomau, har na yi masa barka.

A gaban adadin nan akwai wasu ƙananan kalmomi biyu na Turanci, waɗanda ma'anarsu ita ce kuɗin suna iya kaiwa haka. Na gan su. Na ɗauka adon magana ne, na tsallake. Ƙauyen kuma tafiyar awa ɗaya da rabi ce a babur, hanyar ba ta da tabbas, ƙarfe biyu ta kusa. Ban je ba.

Malam Cika ya kira ni kafin ya sa hannu. "Ka tabbatar?" Na ce, "Ranka ya daɗe, da idona na karanta." Ya ce, "Dangin fa?" Na ce sanannun mutane ne, kowa ya san su. Ban yi ƙarya ba, amma ban amsa abin da ya tambaya ba, kuma na san haka. Aka karanta rahoton da yamma, aka maimaita da safe. Kwana biyu ana kira na ana yaba mini.

Bayan kwana goma sha ɗaya, ina tashar mota a Sabon Birni ina ɗaukar muryar direbobi kan tsadar mai, wani mai babur ya tsaya a gabana. A bayansa wani dattijo ne siriri, mai tsagen Gobirawa, ya haura saba'in, da farar riga wadda wanki ya cinye. Ya sauka a hankali. Ya ce, "Kai na mai rediyo?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce, "Ni na Nomau."

Na washe baki zan fara barka, sai na ga fuskarsa. Na ja shi inuwar wata bishiyar bedi, wato darbejiya, na samo masa ruwa. Ya sha, ya yi hamdala, ya ajiye kofin. Bai ɗaga murya ba daga farko har ƙarshe.

"Ɗana, tambaya guda na zo in yi maka. Kuɗɗin ga da ka hwaɗi, kai ka gan su?"

Na ce ban gan su ba, a rubuce na gani.

"To ni ma ban gan su ba. Amma duk ƙasar ga an gan su a ɗakina."

Sannan ya ba ni labari. Tun washegarin rahoton ƙofar gidansa ba ta sake zama babu mutane ba. Dangi na kusa da na nesa, surukai, mutanen da rabonsa da su tun ana biyan jangali, mata da goyo daga ƙauyukan da bai taɓa takawa ba. Wanda duk ya zo sai an ba shi ruwa da ɗan abin da za ya sa a baki, sauran geron bara da yake lallaɓawa ya ƙare cikin mako guda. Idan ya rantse bai da komai, sai a ce tsoho ya yi rowa a shekarar yunwa. Da hatsin agaji ya iso, masu rabon a ƙauyen suka cire sunan gidansa, suka ce a bar wa mabukata. Gida mai mutum goma sha tara.

"Wanga duk mai sauƙi na," in ji shi. "Shekaranjiya mutanen daji sunka aiko. Sun ce sun ji rediyo. Sun yanka abin da za ni ba su kahin wata shi mutu, in ba haka ba su zo su ɗauke ni, yaron Amurka shi biya."

Na'urar ɗaukar murya tana hannuna, tana ta juyawa, sai daga baya na lura na kashe ta.

Na tambaye shi ko suna magana da Bashiru. Ya ce sau ɗaya aka taɓa kawo yaron gida, yana ɗan shekara bakwai, ya yi mako biyu yana bin awaki yana kuka saboda zafi. Tun rasuwar ubansa, duk Sallah uwar takan aiko da ɗan abin da za a sayi rago da tufafin yara, ta hannun wani ɗan uwa a Sakkwato. Ya cire hularsa, ya zaro wata takarda da ta yi laushi don ninki. Lambar uwar ce.

Na kai shi ɗakin da nake haya a bayan kasuwa. Muka jira la'asar, lokacin da gari ya waye a can. Na sa kati na kira. Uwar Ba'amurkiya ce, mai nutsuwa. Na gaya mata ko ni wane ne da abin da na yi. Ta ce in ajiye, ɗanta za ya kira. Ba a yi minti ashirin ba wayar ta yi ƙara.

Muryarsa ba ta yi kama da ta ƙaton da na gani a hoto ba. Ya ce a ba shi Baba. Na buɗe lasifikar wayar. Ya ce, "Baba, sannu. Ina gajiya." Iyakar Hausarsa ke nan. Tsohon ya ce, "Bashiru, ɗan Isiya." Daga nan na zama tafinta.

Bashiru bai zage ni ba. Ya ce in faɗa masa daidai abin da aka karanta a rediyo, na faɗa. Ya ja numfashi, ya ce bari ya bayyana mini yadda kwantiraginsu yake, don in fahimta in kuma fahimtar da Baba.

Adadin da jaridu suke bugawa, in ji shi, shi ne ƙololuwar abin da mutum za ya iya samu idan komai ya tafi daidai har shekara huɗu. Wakilan 'yan wasa, wato dillalan da ke ƙulla musu ciniki, suna son a buga shi don sunansu ya fito, ƙungiya ma tana so don a ga tana kashe kuɗi. Amma a ciki akwai kaso uku. Akwai wanda aka lamunce masa, ko ya yi wasa ko bai yi ba, kuma nasa bai kai sulusin adadin ba. Akwai albashin shekarun gaba, wanda sai yana cikin ƙungiyar za a biya shi, kuma suna da ikon sallamarsa duk ƙarshen kakar wasa ba tare da sun ƙara masa ko sisi ba. Sai kuma ladan ƙwazo, idan ya buga wasa kaza, idan ƙungiya ta kai mataki kaza. Abin da aka lamunce ɗin ma ba a dunƙule ake ba da shi ba, kuma kafin ya shigo hannunsa hukumar haraji ta ɗebi babban rabo, wakilinsa ya ɗebi nasa.

"Ba na ce ni talaka ne ba," in ji shi. "Ina da rufin asiri fiye da yadda mahaifina ya taɓa mafarki. Amma kuɗin da ka faɗa ba ni da su, kuma mai yiwuwa ba za ni taɓa samunsu ba. Duk ranar wasa ina shiga fili da sanin cewa karo ɗaya a gwiwa ya isa ya rufe maganar."

Na juya wa Baba Nomau da Hausa. Ya saurara, kansa a sunkuye. Da na gama ya ce, "Ashe kamar gona ta. An ce za ta yi dame ɗari, in ruwa sun zo." Na ce haka ne, Baba.

Sai Bashiru ya tambayi nawa mutanen dajin suka yanka. Na faɗa masa. Ya ce wannan yana iya biya, gobe ma. A nan ne tsohon ya ɗaga kai.

"Hwaɗa mai a'a. In anka ba su yau, wata mai zuwa su dawo. In sun gama da ni su kama maƙwabcina, su ce ai garin masu dala na. Ban saya ma garinmu wagga wahala."

Bashiru ya yi ta roƙo, tsohon bai motsa ba. A ƙarshe yaron ya ce to abu ɗaya ya rage, Baba ya bar ƙauyen da iyalinsa duka, shi za ya kama musu gida a Sakkwato ya ɗauki nauyin cinsu. Na fassara. Baba Nomau ya ce a gonar gidansu aka binne cibiyarsa, shi da Isiya, kuma farin da ya fi wannan bai tashe shi ba. Sannan ya ce, "Amma akwai jikoki. To."

Da suka tafi na kira Malam Cika na gaya masa komai, ban rage ba. Ya ce, "Na tambaye ka dangin." Na ce, "Ka tambaye ni, ranka ya daɗe." Ya ce, "Ni kuma na ji amsarka ba ta cika ba, na sa hannu. Rubuto gyara yanzu."

Ga yadda gyara yake a aikinmu. Ana karanta shi a daidai lokacin da aka karanta kuskuren, a faɗi abin da aka ce, a faɗi abin da yake daidai, a ba da haƙuri. Yawanci sau ɗaya ne. Malam Cika ya sa aka karanta nawa kwana uku a jere, safe da yamma, kuma ya ce da muryata. Na bayyana cewa adadin ba kuɗin hannu ba ne, cewa dattijon da na ambata bai karɓi komai ba, cewa laifin nawa ne. An ba ni takardar neman bahasi, na amsa, aka dakatar da ni mako biyu ba albashi. Malam Cika ya rubuta wa shugaban sashe cewa a sa tasa takardar gargaɗin a fayil ɗinsa shi ma. Ba a taɓa yin haka a gidan ba.

Gyaran bai yi tafiyar da labarin farko ya yi ba. A kasuwa na ji da kunnena ana cewa an biya rediyo ne ta janye, don tsoho ya ci shi kaɗai. Wasu suka ce ko sulusin ne ai ya isa a raba wa gari. Na tsaya ina yi wa wani mai shayi bayanin kaso ukun nan, ya dube ni ya ce, "Malam, ai kai ka kawo na hwarko."

Na yi amfani da kwanakin dakatarwar na je ƙauyen, tafiyar da ya kamata in yi tun farko. Na tarar ana ɗora kaya a kan wata tsohuwar a-kori-kura: tabarmi, tukwane, turmi biyu, buhun iri da tsohon ya ce ba za a ci ba ko za a mutu. Gonarsa tana bayan gida, karan gero tsaye fari fat, babu zangarniya ko ɗaya. Maƙwabta sun tsaya daga nesa. Kaɗan ne suka matso suka yi sallama. Na kama ɗaukar kaya tare da 'ya'yansa, babu wanda ya ce mini sannu, babu wanda ya hana ni.

Kwana shida bayan tashinsu mutanen dajin suka zo da hantsi. Suka tarar da gidan a rufe, suka cinna wa rumbunansa wuta, suka kora shanun gida uku na maƙwabta, waɗanda suka yi ta wahalar riƙewa duk tsawon farin. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Ni na aika da wannan rahoton ma. Na ce wani ƙauye a gabashin jihar, ban ambaci suna ba.

Na riƙa ziyartar Baba Nomau a Sakkwato duk lokacin da na shiga babban ofis. Gidan siminti ne mai famfo a tsakar gida, abinci bai yanke ba, jikokin sun shiga makaranta. Shi kuwa kullum yana zaune a ƙofar gida a kan buzu, yana kallon masu wucewa da bai san ko ɗaya ba. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Abin da yake tambaya ɗaya ne, ko an yi ruwa a gida, kuma wa ya noma gonarsa. Na taɓa ce masa, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Na yahe tun a tasha. Ba da mugunta ka yi ba. Amma ka ga inda ni ke." Damina biyu ya yi a can, Allah ya yi masa rasuwa. A Sakkwato aka rufe shi.

Bashiru kuwa, a shekara ta biyu ta sabon wa'adin ya ji rauni a gwiwa, aka yi masa aiki, ƙungiyar ta sallame shi a ƙarshen kakar wasa. Abin da aka lamunce masa shi ya samu, sauran ya tafi. Har yau shi ke riƙe da gidan na Sakkwato. Ban ba da labarin sallamarsa a rediyo ba, kuma babu wanda ya tambaye ni.

Daga wannan abin ne gidanmu ya kafa ƙa'idar da ku sababbin ma'aikata kuka tarar, wadda wasunku suke ganin takura ce: ba a haɗa sunan mutumin karkara ko ƙauyensa da maganar kuɗi, kowane iri ne, sai da izininsa a naɗe. Idan kuma labarin kwantiragi ne, na ɗan wasa ko na ɗan kwangila, sai an raba abin da aka biya da abin da aka yi alkawari da abin da ake fata.

Abin da ni na koya ya wuce ƙa'ida. Mu ma'aikatan labarai muna son babban adadi, don shi ke sa a juyo a saurare mu, kuma mun fi sonsa a shekarar da kowa ke cikin ƙunci. Amma mai sauraro ba ɗaya ba ne. Akwatin rediyon da mai jin yunwa ya kara a kunne, irinsa ne a rataye a reshen itace a cikin daji. Saboda haka idan kun rubuta sunan mutum, ku dakata kafin ku aika. Ku hau babur ku je ku same shi, ku ga inda yake kwana da hanyar da ake bi a iso ƙofarsa, ku tambaye shi ko ya yarda. Idan ƙarfe biyu ta wuce kuna hanya, ta wuce. Labarin da ya makara ana karanta shi gobe. Baba Nomau bai sake ganin gonarsa ba.